Tabarmar da Na Ɓoye Bayan Rumbu

Kwana tara da rufe maigidana takardar ta iso. Ina zaune a ɗaki cikin takaba, da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gida aka ce direban motar kasuwa ya kawo saƙo daga babban asibitin birni. Wan mijina, wanda nake kira Yaya, shi ya karɓa. Ya jujjuya ta, ya ga Faransanci ne, ya miƙo mani ta bisa zana.

"Ga ta nan, ke da kika yi lakol," in ji shi. "In kiransa suke yi, ki ce masu wani ya riga su."

Shekara uku na yi a lakol, wato makarantar boko, Faransancina bai isa ya karanta gaban takardar ba. Amma a bayanta wata ma'aikaciya ta yi rubutu da Hausa, da manyan baƙaƙe, don ta san ni zan karanta. Ta ce an duba kakin da ya bari, an ga ƙwayar tarin tibi da yawa. Ta ce a mayar da shi maza, akwai magani. Ta ce duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi ya zo a duba shi, ko da ba ya tari.

Ban da jinjiri, mu biyu ne muka kwana ɗaki ɗaya da shi: ni, da ɗiyarmu Barira, ita kaɗai da ta rayu cikin 'ya'ya biyar. Tana aure a wani ƙauye na ƙasar Gangara, da goyo a bayanta. Saboda ita nake wannan rubutu. Zan ba malamin yaƙi da jahilci ya kai, a karanta wa surukanta a zaurensu, tunda bakina bai isa ba. Wanda ya ji bayan su, shi ma ya riƙe.

Mu da kasuwa muke ƙidayar kwanaki, kasuwa ɗaya mako ɗaya, don haka da kasuwa zan ƙidaya.

Maigidana mai yasar rijiya ne. A shekarar da fari ya maimaita kanshi, wadda aka rufe iyakar kudu, gero bai kai gwiwa ba ya bushe tsaye. Rijiyar garinmu ta koma bayar da laka, guga ya sauka ya hawo da rabin ƙwarya. Gari ya taru ya ce a ƙara mata zurfi, kuma ba wanda zai shiga gaba talatin cikin ƙasa sai shi. Kullum da safe a ɗaura mashi igiya a zura shi, da azahar a jawo shi fari fat da ƙurar dutse. Mata na yi mashi kirari a bakin rijiya. Wanda bai taɓa gaishe shi ba ya koyi sunanshi.

Kasuwa ta farko bayan kakar da ba a yi ba, na farka da asuba na ji gefen tabarma a jiƙe. Na taɓa rigarshi, kamar an tsamo ta daga tafki. Abin da ya fara zo mani a rai, Allah ya yafe mani, shi ne fitsarin kwance. Na jira ya fita masallaci, na naɗe tabarmar, na zagaya da ita bayan rumbu inda ido ba ya kaiwa, na shanya. Kafin rana ta yi sama ta bushe, na mayar. Da na shinshina na gane zufa ce, amma wa zai tsaya shinshina tabarmar wani? Za a gani ne kawai, a ce gwanin rijiya yana jiƙa shimfiɗa kamar ɗan yaye. Kasuwa shida ina wannan aikin ba wanda na gaya wa. Na fara da laifina ne don kada wani ya ce na kare kaina.

Kasuwa ta uku tari ya shigo, ɗan ƙarami, busasshe. Da marece jikinshi ya yi ɗumi, da dare zufa ta karyo, da safe ya tashi sakayau ya tafi rijiya. Shi da kanshi ya gaya wa Yaya a bakin masallaci. Yaya ya yi dariya har da tafa hannu.

"Kai ka ji mutum! Masassara ce ke sauka. Wanda ya yi zufa ai ya warke. Ka gode wa Allah, ƙane, jikinka na wanke kanshi."

Haka muka tashi muka ji: in mai masassara ya yi zufa, sai a ce barka, ciwo ya fita. Gaskiya ne ga masassarar sauro, ta kwana uku ko huɗu. Ba wanda ya tambayi kanshi wane irin ciwo ne wannan da yake fita kullum dare amma bai taɓa ƙarewa ba. Ba wanda ya so ya tambaya. Rijiya ta kai gaba talatin da biyu, ƙasa ta fara sanyi a hannu, kowa na jin ƙamshin ruwa. Da an yarda ba shi da lafiya, wa za a zura?

Kasuwa ta biyar sanyin ɗari ya sauka sosai. Mutane na kwana da kaskon wuta, tsofaffi na kukan ƙashi, shi kuwa sai na sauya mashi riga sau biyu kafin kiran salla. Bargonshi ya yi zanen gishiri fari, layi bisa layi. Ba ruwan wanki, sai in shanya in kakkaɓe. Wandonshi ya fara zamewa, ya ƙara ƙulli a mazagi. Wannan ma an samo mashi suna: yunwa. Wa bai rame ba a shekarar? Muna cin dilo, 'ya'yan anza na daji, da jar dawar taimako, kowa wuyanshi ya yi tsawo. Ramar ciwo ta ɓuya cikin ramar gari.

A bayan gari, kusa da rijiya, wasu Fulani sun sauka da sauran shanunsu, 'yan ƙalilan da ba su faɗi ba. Matar ɗaya daga cikinsu, Dija, takan bi ta bayan rumbunmu da sassafe da tulunta. Kasuwa ta shida ta tsaya ta tarar da ni ina shimfiɗa tabarmar.

"Yaya jikin mai rijiya?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta ajiye tulun. "Ku Haɓe! Gawa ma in an tambaye ku, da sauƙi. Kwana nawa ina wucewa ina ganin tabarman nan? Saniya in tana tari tana ramewa, mu ba mu ce mata da sauƙi, mu ware ta muke yi. Ƙanena haka ya yi, ruwa a jiki da dare, tari, rama. Birni aka kai shi. Shekara guda yana shan magani. Yanzu yana can da tumakinshi."

Na ji kunya ta rufe ni, na ce mata to. Da na gaya wa Yaya, ya ce yaushe mai tallan nono ta zama likita, kuma nonon ma babu. Dija ba ta ƙara yi mani maganar ba, amma duk safiya sai ta dubi tabarmar, ta dube ni, ta wuce. Cikin garin nan kaf, baƙuwar da ba ta haɗa komai da mu ba ita ce ta faɗi gaskiya. Sun tashi kafin rasuwar, ban san inda suka nufa ba. In tana raye, Allah ya ba ta abin da take nema.

Kasuwa ta bakwai na lallashe shi muka tafi likita, ɗan asibitin da ke tafiyar hantsi daga garinmu. Mun tarar da layi ya zagaye ginin ya kai gindin bedi, itacen dogon yaro. Mata da yara masu kumburin ƙafa, masu ƙyanda, masu zawo. Muka tsaya tun hantsi har bayan azahar. Manjo, babban ma'aikacin wurin, yana rubutu bai ɗaga kai ba.

"Ina ke maka ciwo?"

"Babu inda ke mani ciwo."

"To me ya kawo ka?"

"Ɗan tari ne, da kasala."

"Jiki na zafi?"

Maigidana ya waiwayo ni. Bayanmu mata ne cike, har da na garinmu biyu, kunnuwa a buɗe. Na ce, "Yakan yi ɗumi da marece, amma da sauƙi, yana sauka da dare."

Aka ba mu kinin da ruwan maganin tari. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na yi tafiyar hantsi na tsaya rabin yini a rana don in ɓoye shi. Manjo bai tambayi zufa ba, ban faɗa ba. Ba zan ɗora mashi duka ba, mutum ɗaya ne da gari guda a ƙofarshi. Amma da ya ɗaga kai sau ɗaya ya dubi wuyan mutumin da ke gabanshi, da ya ga abin tambaya.

Kasuwa ta takwas magana ta fita, don Yaya ya shigo da sassafe neman aron igiya ya ga bargon. Kafin azahar gari ya ji. Abin da na ji tsoro bai faru ba, ba wanda ya ce fitsari. Abin da suka ce ya fi shi muni. Gwaggo Indo, ƙanwar mahaifinsu mai sayar da saiwoyi, ta zo ta zauna a tsakar gida ta yanke hukunci: ya taɓa gidan mutanen ɓoye a ƙasan rijiya. Ruwan da ya kamata ya ɓullo a can, sun juyo da shi ta jikinshi. Magani shi ne a yanka baƙar akuya a bakin rijiya, kuma ya ci gaba da shiga har su huce.

Kun ji. Ciwon da rijiya ta ƙara wa nauyi, maganinshi a ƙara shiga rijiya. Akuyarmu ce ta ƙarshe, baƙa ce kuwa, Gwaggo ta san da haka. Gari ya ci nama ranar, karo na farko cikin watanni. Yaya na sakace yana cewa, "Ku sa mashi ƙwarya a ƙarƙashin tabarma mana, ko tumaki sun samu na sha." Aka yi dariya. Maigidana ma ya yi, don ba a ƙin dariyar babban wa.

Kasuwa ta tara Gwaggo ta dawo da sabon tunani. Tunda zufa ce ke fitar da ciwo, a taimaka mata ta fita gaba ɗaya. Ta sa aka tafasa ganyen bedi da saiwoyinta a babbar tukunya, ruwan shan gidanmu na kwana biyu, aka lulluɓe shi da bargo uku bisa tururin. Ina jin tarinshi daga ciki kamar ana sara itace. Da aka yaye bargon ya kasa tsayawa.

"Kin gani?" in ji Gwaggo. "Ya fita. Dubi yadda ya yi laushi."

Sau huɗu aka yi mashi wannan suracen.

Kasuwa ta goma aka zura shi rijiya, ba a daɗe ba igiya ta yi nauyi ba motsi. Suka jawo shi a some. Daga ranar bai ƙara shiga ba, kuma daga ranar masu kirari suka ɗauke ƙafa. Gaisuwa ta koma ta bisa zana: "Yaya mai jiki?" Ni kuma in ce, "Da sauƙi." Su ce, "Allah ya ƙara sauƙi," su wuce. Tambaya da amsa duk an gada, ba wanda ya saurari ɗaya daga ciki.

A makon ne Barira ta zo da jinjirinta. Mijinta ya tafi cin rani kudu, iyaka ta rufe da shi a can, surukinta ya ba ta izinin jinya. Ita ta karɓi ɗakin. Tana kwana a gefen ubanta, ta sauya mashi riga, ta riƙe mashi kaskon yashi in zai tofa, ta zubar da safe. Saboda sanyi muka toshe 'yar tagar da tsumma, muka saki asabari. Mu huɗu cikin ɗaki ɗaya da ba iska. Da asuba takan ga na ɗauki tabarma na zagaya bayan rumbu, ko da yake yanzu ba sauran abin ɓoyo, hannu ne ya saba. Wata rana ta riga ni ɗauka ta ce, "Inna, kawo, na ga inda kike kai ta."

Kasuwa ta goma sha biyu Yaya ya kawo mai allura, wani mai yawo kasuwa kasuwa da jaka a rataye. Allurarshi ɗaya ce, yana tafasa ta a gwangwanin kifi. Bai tambayi komai ba, bai taɓa ƙirji ba. Ya ɗaga kwalba a rana ya ce wannan daga kudu take, ko doki ta shiga sai ya tashi. Ya yi mashi uku, ya tafi da tasoshina na aure. Wurin allurar ya kumbura ya yi ruwa, ya zama ciwo na biyu. Na sake ganin mutumin bayan rasuwar yana cin tsire a tasha, ya gaishe ni da fara'a, bai gane ni ba.

Kasuwa ta goma sha huɗu Barira ta kawo mani kaskon yashi. Akwai jan zare cikin kakin. Ban nemi shawarar kowa ba. Na sayar da igiyarshi da wasakinshi, kayan sana'ar da ya gada, na samu amalanken jaki ya kai mu bakin hanya, muka hau mota zuwa birni. Barira ta koma gidan mijinta daga nan, don wa'adin da aka ba ta ya cika.

A babban asibiti mun kwana biyu a gindin itace kafin layi ya kawo kanmu. Likitan saurayi ne, da Hausar Gobir a bakinshi. Ya ɗaga rigar maigidana, ya dubi haƙarƙarin, ya sa abin saurare a bayanshi, ya daɗe. Sannan ya juyo gare ni, ba wanda ya ba shi labari, ya ce, "Zufar dare fa? Tun yaushe?"

Bakina ya riga ni. Na ce, "Da sauƙi."

Ya ajiye alƙalami. "Inna, ba gaishe ki na yi ba. Tambayarki na yi."

Wannan maganar ta zauna mani har yau. Na faɗa mashi duka, tun daga tabarma. Ya ƙidaya da yatsu, ya kai sha huɗu. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi jin daɗi. Abin da ya ce zan rubuta yadda na riƙe shi, don shi ne amfanin wannan takarda.

Ya ce zufar dare iri iri ce. Akwai ta zafin ɗaki da yawan rufa, wannan in an buɗe ƙofa ta tafi. Akwai ta masassarar sauro, tana zuwa bayan rawar ɗari, tana wucewa in an sha magani. Akwai ta mace in jininta na shirin ɗaukewa. Akwai ta yunwa, da ta tashin hankali. Amma zufar da ke jiƙa riga da shimfiɗa, dare bayan dare, har ta wuce mako biyu ko uku, balle a lokacin sanyi, ba fitar ciwo ba ce, zamanshi ne. In ta haɗu da tari mai daɗewa, ko rama, ko ɗumin marece, ko ƙulli a wuya ko hammata, a tafi asibiti a faɗa da baki, ko ba a tambaya ba. Ya ce, "Ba a jiran jini. Jini baƙo ne na ƙarshe."

Ya ce zai so a tabbatar kafin a fara maganin, don mai tsawo ne. A ba da kaki a gwangwani safiya uku, a jira sakamako. Mai dubawa ɗaya ne, gwangwanaye sun taru a gabanshi, sai an yi 'yan kwanaki. Ba gado, amma kada mu tafi. Sau biyu ya faɗa. Wata ma'aikaciya, ita ce mai rubutun bayan takarda, ta samo mana wuri a baranda, tana kawo mana kunu daga gidanta. Ban tambayi sunanta ba, ina jin kunyar haka.

Safiya ta uku Yaya ya iso da babbar rigarshi. Ya tsaya bisa kanmu ya dubi gwangwanin.

"Wannan ne maganin? Kwana biyar, ba ƙwaya ba allura, sai tofa yawu a gwangwani? A gida ma akwai gwangwani. Tashi, ƙane. Ba za a bar ɗan gidanmu ya mutu a baranda kamar wanda ba shi da kowa ba."

Na ce, "Yaya, likita ya ce kada mu tafi."

"Likita ne ya haife shi? Ke kin kawo shi ba da sanina ba, na yi shiru. Kada ki ƙara."

Na dubi maigidana. Mutumin da ke shiga gaba talatin cikin duhu ba ya tsoro, bai taɓa iya ce wa wanshi a'a ba. Ya kama hannuna ya ce, "Yaya ya ce. Mu je, in sakamakon ya fito ma dawo." Na bar wa ma'aikaciyar sunan garinmu da na direban motar kasuwa. Abin da na iya ke nan.

Kwana huɗu da komawarmu, da la'asar, yana jingine a jikin zana yana shan ranar yamma, tari ya taso mashi, jini ya biyo. Ba zan faɗi fiye da haka ba. Kafin magariba ya cika. Allah ya jiƙanshi, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Masu ta'aziyya sun cika gida. Na ji da kunnena wata na cewa, "Ashe jikin ya yi tsanani? Mu kullum aka ce mana da sauƙi." Ba ta yi ƙarya ba. Gwaggo ta ce mutanen ɓoye sun karɓi abinsu. Rijiyar kuwa, ba wanda ya yarda ya shiga bayanshi, sai da aka ɗauko wani daga wajen Gidan Rumji.

Na koma ga takardar. Da na karanta wa Yaya bayanta, ya ce mai takaba ba ta fita, kuma wanda ya mutu ya tafi da ciwonshi. Na aika aka tambayo liman, dattijo ne mai tsoron Allah, ya ce lalura ta halatta, in tafi asibiti in dawo. Na gode mashi. Na tafi.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tun kafin rasuwar nake farkawa da wuyan riga a jiƙe. Gwaggo ta taɓa gani ta ce shekaru ne, jini ke yi mani ban kwana, ni ma na so in yarda. Wannan karon da likitan ya tambaya, na faɗa mashi tun bai rufe baki ba. Aka duba, aka ga ƙwayar, kaɗan. Ya ce na zo da wuri. Allura sittin na sha a likitarmu, kullum tafiyar hantsi, hannun manjon nan da ba ya ɗaga kai. Bai fasa mani ko rana ɗaya ba, wannan na shaide shi. Ƙwayoyi kuma sai na cika shekara, an ce ko na ji garau kada in bari. A mako na uku na allura zufar ta ɗauke. Na farka na taɓa tabarma a bushe, na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa. Abin da ya rage wa maigidana ke nan. 'Yan kwanaki a baranda.

Sau biyu na aika ƙasar Gangara a kawo Barira da jinjirin a duba su. Saƙon farko ya dawo: lafiya lau take, a gaishe ni. Na biyu, bayan wata guda, ya dawo: da sauƙi. Na daɗe ina juya wannan amsar. Wanda yake lafiya lau ba a ce mashi da sauƙi.

Washegarin fitata takaba na tafi da kaina. Na isa da marece. Ta rame, suka ce goyo ne da yunwa. Tana ɗan tari, suka ce ƙaiƙayin dawa ne. Na tambaye ta a gaban uwar mijinta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Inna, da sauƙi." Aka sauke ni a ɗakin tsohuwar. Da asuba na fito alwala, sai na ga ɗiyata ta fito daga ɗakinta da tabarma a naɗe a hammata. Ta dubi dama ta dubi hagu, ta zagaya bayan rumbu.

Ni na koya mata.

Da rana ta fito na durƙusa a ƙofar zauren surukinta, na faɗa mashi duk abin da ke cikin wannan takarda. Mutum ne mai fara'a, ya saurare ni yana gyaɗa kai.

"Ayya, uwar Barira. Bazara ce fa, wa ba ya zufa? Ni kaina jiya sai da na fito waje. Kin ga mijinta ba ya nan, ba ni da ikon in ɗauki matar wani in kai birni. Ga hadari ya fara haɗuwa, shekara biyu ba mu ga irinshi ba, hannu ɗaya ma ba mu iya rasawa. Bari a yi shuka. Ana gama shuka ni da kaina zan sa a kawo ta."

Na ce, "Alhaji, haka aka ce da ubanta, bari a ga ruwa a rijiya."

Ya ce, "Allah ya jiƙanshi, ai kowa da kwananshi."

Na roƙi a ba ni ita kwana biyar kawai, aka ce sai an yi shawara. Na roƙi a daina kwantar da jinjirin a jikinta, a buɗe tagar ɗakin, uwar mijin ta ce ba a raba ɗa da uwa don zafin gari. Na bar wa Barira kuɗin mota ƙulle a bakin zanenta, na dawo, don ƙwayoyina na gida kuma ba a tsallake rana.

To Alhaji, ga shi a rubuce, a karanta maka a gaban mutanenka, kada gobe wani ya ce mu kullum aka ce mana da sauƙi. Ba da sauƙi ba ne. Ku zagaya bayan rumbunku da asuba ku taɓa tabarmar da hannunku.

Ruwa ya sauka, an yi shuka yau kwana goma sha ɗaya. Ba a kawo ta ba.